A bar wa birki iskarsa

A garin Elkhart na jihar Indiyana, can a Amurka, da garuruwan da ke kewaye da shi, ake ƙera mafi yawan motocin nan da Amurkawa ke mayarwa gidan kwana. Mota ce mai taya da sitiyari, amma da ka shiga sai ka tarar da gado, da kicin, da banɗaki, da kujerun falo, ga tankin ruwa a ƙasa, ga janareta. Manyan cikinsu sukan kai ƙafa 45 a tsawo, nauyinsu ya haura tan 20, injin dizal yana can baya, birkinsu kuma na iska ne irin na tirela. Da yawa daga masu sayensu dattawa ne da suka ajiye aiki, mutum da mai ɗakinsa, waɗanda ba su taɓa jan abin da ya fi ƙaramar mota ba. A jihohi da dama na ƙasar, lasin ƙaramar motar nan ya ishi mutum ya hau wannan gingimari ya kama hanya. Maƙwabtansu na Kanada sun fi tsantseni: a Ontario sai ka ci jarrabawar birkin iska an buga maka harafin Z a lasinka.

Akwai wata gardama da ta daɗe tana yawo tsakanin masu waɗannan motoci a sansanonin da suke yada zango. Tunda motar tana da injin iska nata na kanta, ga tankuna cike a ƙarƙashinta, me zai sa mutum ya sake kashe kuɗi a kan ƙaramin kwamfiresa na ɗauka a hannu don kawai ya ba tayoyi iska? Wasu suna ganin almubazzaranci ne. Ni ina tare da masu cewa a saya, kuma dalilan ba su tsaya kan masu hali na Amurka ba. Sun shafi duk wanda ransa ke bisa taya.

Bari mu fara da yadda iskar cikin motar ke aiki, domin a nan hujjar take. Injin motar ne ke juya kwamfiresa, shi kuma ya tura iska ta cikin wata na'ura mai tsane ruwa da mai, daga nan ta shiga tankuna. Akwai wani ɗan ƙarfe da makanikai ke kira gwamna, shi ke da iko da shiga da fita. Idan ƙarfin iskar ya kai wajen 125 a ma'aunin psi, wato lambobin nan da mai faci ke karantawa a gejinsa, sai gwamna ya dakatar da turawa. A lokacin ne ake jin tirela ta fesar da iska da ƙara tana tsaye. Ba zai sake bari a tura ba sai iskar ta sauko wajen 100. Idan ta faɗo zuwa wajen 60, jar fitila da ƙararrawa su tashi a gaban direba. In ta ci gaba da zurarewa har ta kai tsakanin 45 da 20, manyan sifirin da iskar ke danne da su sai su kuɓuce su damƙe tayoyin baya, ko direba ya shirya ko bai shirya ba. Asalin dabarar tsayar da abin hawa da iska ta George Westinghouse ce, wanda ya yi mata rajista a 1869 saboda jiragen ƙasa. Wannan iskar dai ita ce ke cika jakunkunan robar da jikin motar ke zaune a kansu, ita ce kuma ke busa hon.

To, tayoyin manyan motocin nan masu inci 22.5 ne, kuma gwargwadon nauyin da aka ɗora musu sukan nemi tsakanin 90 da 120. Iska ba ta tafiya sai daga inda ta fi ƙarfi zuwa inda ta fi rauni. Mutum yana son tayar gaba ta kai 110, tankinsa kuwa yana 108, gwamna bai ga dalilin motsawa ba tukuna. Sai ya jona tiyo ya tsuguna yana jira, babu abin da ke shiga, wani lokaci ma tayar ce ke mayar wa tiyon iska. Dabarar da suka ƙago ita ce a bar inji yana aiki, uwargida ta zauna a kujerar direba tana tattaka birki har iskar ta sauka ƙasa da 100, kwamfiresa ya tashi, maigida a waje ya yi maza ya ɗura abin da ya samu kafin gwamna ya sake yankewa. A maimaita haka taya bayan taya, shida ko takwas. Tunda kuma awon taya na gaskiya da sassafe ake yinsa kafin rana ta taɓa ta, ke nan sai an tayar da injin dizal da asuba a sansanin da jama'a ke barci, a bar shi yana kaɗawa a tsaye, abin da injinan zamani masu matatar hayaƙi ba sa so. Aikin da ya zo wa mutum da wahala haka, yau ya yi, gobe ya ɗage, jibi ya daina. Wannan ne ya fi damuna a cikin maganar baki ɗaya. Dattijon da ya gaji da tsugunno zai wayi gari yana duban tayoyinsa da ido kawai, ya ce ai lafiyarsu lau, alhali tayar ciki a jerin tayoyin baya na iya sacewa rabi ba a gani ba, ta wajen tana ɗauke da nauyin su biyun.

Adalci ne a faɗa cewa kamfanonin da ke ƙera ƙashin motocin, irin su Freightliner da Spartan, sukan bar wata kafa da za a iya jona tiyo, kuma akan sa bawul ɗin kariya tsakanin iskar birki da ta sauran hidimomi. Wanda ya yi amfani da wannan kafar a tsaye, a ranar da ya shiga tsaka mai wuya, bai yi laifi ba. Tiyo mai tsawo a cikin akwatin kaya abu ne da ya kamata kowane mai irin wannan mota ya ajiye. Inda nake ja da baya shi ne a mayar da abin sana'ar kullum. An ƙera kwamfiresan birki ne ya yi aiki kaɗan ya huta da yawa, kamfanin Bendix mai ƙera su yana maganar kada lokacin aikinsa ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Na'urar tsane ruwan ma ba ta kakkaɓe abin da ta tara sai lokacin da gwamna ya yanke. In aka hana su wannan hutun, kwamfiresa ya yi zafi ya fara zubo mai, na'urar ta jiƙe, ruwa da mai su wuce cikin tankuna da bawul-bawul. A ƙasar da sanyi ke daskarar da ruwa, ɗigo kaɗan ya isa ya maƙale bawul ɗin birki. Mafi muni shi ne mai karambanin da zai yanka bututu ya dasa wa kansa mahaɗa. Duk mahaɗa sabuwa wurin yoyo ce sabo, a tsarin da littafin jarrabawar direbobin manyan motoci na Amurka bai yarda ya zubar da fiye da psi 2 a minti ɗaya ba idan an kashe inji an saki birki, ko 3 idan an taka.

Akwai kuma wani aiki da mu a nan ba mu san shi ba, amma a gare su wajibi ne. Kafin hunturu, sai an hura iska a bututun ruwan motar an fitar da duk abin da ya saura, don kada ya daskare ya fasa su. Ana yin haka da iska mai sauƙi, tsakanin 30 da 50. Iskar da ta ratso kwamfiresan da man inji ke shafawa ba ta dace da bututun da iyali za su sha ruwa daga cikinsa ba. Ƙananan kwamfiresa na hannu galibi ba sa amfani da mai, don haka su ne na wannan aiki.

Ga masu motocin fetur da aka gina a kan ƙashin Ford, ko ƙanana irin na Sprinter, gardamar ma ba ta taso ba, domin birkinsu na mai ne, ba su da tankin iska ko ɗaya. Kuma famfon iskan gidajen mai na can an yi shi ne don ƙananan motoci: sau da yawa ƙarfinsa ba ya kaiwa, mota mai tsawon ƙafa 40 ma ba ta da inda za ta raɓa kusa da shi.

Sai dai ba kowane abu mai ƙugi da tiyo ne kwamfiresa ba, kuma a nan mutane ke asarar kuɗinsu. Ɗan ƙaramin nan na roba da ake cusawa a kafar kunna sigari, an rubuta 250 ko 300 a jikin kwalinsa, zai iya cika ƙwallo ko tayar keke. Ka ɗora shi a kan tayar inci 22.5, zai yi zafi ya ƙone kafin allurar geji ta motsa. Araha ba ta ado. Lambar da ke jikin kwali tana faɗin iyakar ƙarfin da zai iya kaiwa ne, ba ta faɗin yawan iskar da yake turawa a minti, kuma yawan nan raguwa yake yi sosai yayin da taya ke cika. Abu na biyu da ake dubawa shi ne tsawon lokacin da zai jure yana aiki. Kamfanin Viair na Kalifoniya, wanda masu motocin nan suka fi sani, yana da ƙira biyu da ake yawan ambata, dukansu suna kai 150. Mai lamba 400P ya fi sauri amma kashi ɗaya cikin uku na lokaci kawai aka yarda ya yi aiki, sauran hutu ne. Mai lamba 450P ya fi jinkiri amma ba ya neman hutu a ƙarfin 100. Ga mai taya takwas, na biyun nake ganin ya fi, domin mutumin da ke jiran inji ya huce yakan haƙura ya bar taya biyun ƙarshe. Irin waɗannan sukan ja wuta tsakanin amfiya 20 da 30, kafar sigari kuwa fis ɗinta bai cika wuce 10 ko 15 ba, shi ya sa kai tsaye ake maƙala su a kan batir. Akwai kuma masu ɗan tanki da ke aiki da wutar gida, irin na kafintoci. Suna da kyau in akwai janareta ko wutar sansani, muddin ƙarfin da suke sake tashi a kansa ya haura abin da taya ke nema. In ba haka ba, an koma matsalar gwamna.

Duk wannan injina ne, kuma inji ba ya gaya maka lambar da za ka tsaya a kanta. Lambar da aka rubuta a gefen taya ta nauyi mafi girma ce da tayar za ta iya ɗauka. Abin da masana ke cewa a yi shi ne a loda motar yadda za a yi tafiya da ita, da ruwa da mai da kaya da mutane, a kai ta sikeli, in da hali a auna kowace kusurwa daban, domin gefen da firji da tankin ruwa suke yakan fi nauyi. Sannan a duba jadawalin kamfanin tayar, Michelin ne ko wani, a ga iskar da wannan nauyin ke bukata, a ba tayoyin kowane aksul daidai da ɓangaren da ya fi nauyi. Kuma a auna taya tana sanyi. Tayar da ke 100 da safe ana digiri 15, in zafi ya kai digiri 35 za ta nuna wajen 108 ba tare da ta motsa ba, in ta hau kwalta kuma ta ƙara. Wannan hauhawar an san da ita tun wajen ƙira. Wanda ya tsaya da rana tsaka ya rage iska don ya ga ta hau, shi ne ya jawo abin da yake gudu.

Dalili kuwa shi ne, taya mai ƙarancin iska gefenta lanƙwashewa yake yi yana miƙewa a kowane juyi, wayoyin ƙarfen ciki su gaji, roba ta ɗauki zafi har ta fara rabuwa da su. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce, tayar babbar mota da aka yi tafiya da ita iskarta ta ragu da kashi 20 cikin 100, a ɗauke ta tamkar wadda aka taka a sace: a cire ta a duba cikinta, kada a ƙara mata iska a jikin mota. Gefenta na iya tsagewa lokaci guda a fuskar wanda ya tsuguna. Shi ya sa dokar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta wajabta wa masu gyaran manyan tayoyi bakin tiyo mai maƙalewa da kansa, da tiyo mai tsawon da zai bari mutum ya tsaya gefe. Mai kwamfiresa na hannu ya kamata ya ɗauki wannan ƙa'ida tamkar don shi aka rubuta ta.

Amurkawa ba da sauƙi suka koyi darasin ba. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye taya miliyan 6.5 bayan haɗurran motocin Ford Explorer, kuma yawan iskar da ya dace a ba tayoyin yana cikin abin da kamfanonin biyu suka yi ta jayayya a kai. Majalisar ƙasar ta yi doka a shekarar, daga watan Satumban 2007 kuma kowace sabuwar ƙaramar mota sai da na'urar da ke gargaɗin direba idan iska ta ragu. Dokar ta tsaya kan motocin da ba su wuce kilo 4,500 da ɗoriya ba, ke nan manyan motocin kwana suna waje, masu su ne ke sayen na'urar da kuɗinsu su ɗaura a bakin bawul. A watan Yunin 2022 kuma Goodyear ya janye taya kimanin 173,000 samfurin G159, waɗanda aka daina ƙerawa tun 2003, bayan hukumar kula da lafiyar hanya ta matsa a kan yadda suke ɓarewa a jikin motocin kwana. Kamfanin ya tsaya a kan cewa tayar ba ta da aibi, yana nuni da lodi fiye da kima da ƙarancin iska. Ko wane ne mai gaskiya, nauyi da zafi da iska ne a tsakiyar maganar.

Wuri guda da na sallama wa masu dogaro da iskar cikin mota shi ne rairayi, kuma wannan mutanenmu sun fi Ba'amurke saninsa. Direban da ya bar Agadas ya nufi Dirku ko Bilma ya san sai ya rage wa tayoyinsa iska, wani lokaci har ƙasa da rabi, don su baje su hau yashi maimakon su nutse. Da ya fito kan tsakuwa ko kwalta sai ya mayar. A nan iska mai yawa ake so cikin sauri, a ƙarfin da bai kai na tanki ba, don haka babban kwamfiresan inji ya fi kowane na hannu. Sojojin Amurka sun gane haka tun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da suka fito da motar DUKW mai shiga ruwa ta hau tudu, wadda direbanta ke rage iska ko ƙarawa daga mazauninsa. Turawan da suka riƙa ƙetaro hamada da motocin kwanansu a shekarun 1970 da 1980, ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit zuwa Agadas da Damagaram har Kano, sun koyi wannan a wurin direbobin hamada, da yawansu kuma da famfon ƙafa suka yi ta fama. Amma mai tan 20 da ke yawo a manyan titunan Amurka ba ya shiga yashi, don haka wannan hujjar ba tasa ba ce.

Mu ba mu da motocin kwana, amma muna da tirelolin siminti da tankokin mai da manyan bas-bas masu tafiyar dare, dukansu a kan birkin iska, muna kuma da zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Kowa ya taɓa ganin yaron mota yana zagaya tirela yana bubbuga tayoyi da ƙarfe yana sauraro. Ƙarfen zai nuna masa wadda ta sace sarai, ba zai bambance masa 100 da 80 ba, alhali a tsakanin waɗannan lambobin biyu haɗarin yake. Kowa ya taɓa wucewa ta gefen babbar mota yana jin iska na tsiyaya daga ƙarƙashinta, direba ya bar inji yana aiki don kada tanki ya sauka. Wannan motar ba ta da hurumin hawa hanya. A ƙananan motoci kuwa, ɓarnar ta ɗaya gefen ce: yawancinsu 30 zuwa 35 suke so, lambar tana nan rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, amma sai ka ji an ce wa mai faci ya sa hamsin don taya ta yi ƙwari, da gejin da ya sha faɗuwa ƙasa har ba a san gaskiyarsa ba. Ba laifin mai faci ba ne shi kaɗai, abin da aka ce ya sa yake sawa. A ranar 6 ga Maris 2016, fashewar taya a hanyar Kaduna zuwa Abuja ta yi sanadin rasuwar Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa. Hukumar kiyaye haɗurra ta yi ta wayar da kai a kan taya bayan nan, mutane da yawa suka koyi karanta lambobi huɗun nan na gefen taya masu nuna mako da shekarar ƙira. An ci riba. Amma shekarun taya abu ne da ake dubawa ranar saye, iska kuwa kullum canzawa take yi.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin sufuri na NURTW da NARTO su ajiye ingantaccen geji a kowace tasha da kowane garejin manyan motoci, a auna taya da iskar birki kafin a ɗauki lodi, motar da ke yoyo a tsayar da ita har sai an gyara. Kai kuma mai karatu, kuɗin geji bai kai na rabin tankin mai ba. Ka sayi naka, ka karanta lambar da ke jikin ƙofar motarka, ka auna tayoyinka har da safaya da safe kafin ka tayar da inji, musamman ranar da za ka ɗauki iyali zuwa wani gari.